Baba Kafinta da Littafinsa Mai Baƙin Bango

A ikkilisiyarmu an yi wani dattijo kafinta wanda kowa ke ce wa Baba, har da waɗanda suka girme shi. Ubangiji ya riga ya kira shi gida. Ina ba da shaidar rayuwarsa ne domin yawancinmu mun iya roƙon hikima da baki, amma bayan mun ce amin ba mu san abin da ya rage mu yi ba. Shi ya sani, kuma ba a banza ya samu ba.

A gidan masu bi aka haife shi. An yi masa baftisma yana saurayi, ya yi shekaru a ƙungiyar mawaƙa, ba ya fashin sujada, zakkarsa kuma ba ta makara. Hannunsa na da kyau a aiki. Daga zarto da guduma ya kai ga buɗe shagonsa, ya sayi injin yanka katako da na gogewa, yara masu koyon aiki suka cika wurin. Yana tsakiyar ƙarfinsa ne wani abokinsa na ƙuruciya, wanda suke majami'a ɗaya, ya zo masa da yamma da takarda a hannu. Rance zai karɓa ya faɗaɗa kasuwancinsa, masu ba da kuɗin kuma sun ce sai wani mai kadara ya tsaya masa. Gobe da safe ake rufewa.

Baba ya shiga ɗaki ya durƙusa. Da ya tashi ya ji zuciyarsa a kwance, sai ya fito ya sa hannu. Bai karanta takardar har ƙarshe ba, bai gaya wa matarsa ba, bai kuma tambayi abokin abin da zai biyo baya in kasuwar ta karye ba, don yana ganin tambayar rashin kunya ce tsakanin 'yan'uwa. Kasuwar ta karye. Abokin ya bar gari. Masu bashi suka zo suka kwashe injinan, yara suka watse, mutumin da ke biyan wasu ya koma aikin lada a shagon wani yaron da shi ya koya masa riƙe zarto.

Da bakinsa yakan faɗa cewa fushinsa a lokacin bai kai kan abokin ba kamar yadda ya kai kan Allah. Hujjarsa ɗaya ce: "Ai na yi addu'a." Wani tsohon fasto ya saurare shi har ya gaji da magana, sannan ya buɗe masa Joshuwa sura 9. Gibeyonawa sun zo wa Isra'ilawa da tsofaffin buhuna, da takalma masu faci, da busasshen guzuri da ya yi funfuna, suka ce daga ƙasa mai nisa suka fito. Shugabannin suka duba guzurin, amma aya ta 14 ta ce ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Suka rantse musu. Bayan kwana 3 ya bayyana ashe maƙwabta ne, rantsuwa kuwa ta riga ta ɗaure su.

Baba ya ce, "Amma Fasto, ni na nema."

Tsohon ya ce, "Ɗana, tambayarsa ka yi, ko sanar da shi ka yi? Lokacin da ka durƙusa, da ya ce maka a'a, ta wace ƙofa ka bari amsar ta shigo?"

Daga nan ya bi da shi cikin Karin Magana, wuri bayan wuri: 6:1-5, 11:15, 17:18, 20:16, 22:26-27, 27:13. Duk maganar tsaya wa wani lamunin bashi ce. Ta sura 22 har tana tambaya, don me za a janye gadonka daga ƙarƙashinka in ka kasa biya? Amsar da ya shiga ɗaki nema tana rubuce a wuri 6 cikin littafin da ke ajiye a kan teburinsa, bai taɓa lura ba. Daga wannan ranar ce rayuwarsa ta canja hanya, kuma abin da ya gina a kanta shi ne ainihin shaidar.

Ya fara da karatu. Karin Magana sura 31 ce, don haka ya ɗaure ta da kwanan wata: ran 7 ga wata sura ta 7, ran 20 sura ta 20. Watan da ya tsaya a 30, yakan haɗa ta ƙarshe da ta 30. Mutane da yawa na yin haka su daina bayan wata biyu, shi kuma ya gano dalili. Sura 1 zuwa 9 doguwar nasiha ce ta uba ga ɗansa, ana karanta ta a jere kamar wasiƙa. Amma daga sura 10 littafin ya koma gajerun zantuka, kusan kowace aya da kanta take tsaye. Wanda ya zuba aya talatin a kansa lokaci ɗaya, kafin ya sa takalmi duk sun zube. Saboda haka yakan karanta surar duka, sannan ya ɗauki aya ɗaya tak, ya rubuta ta a wani littafi mai baƙin bango, a ƙarƙashinta ya sa sunan mutum ko aikin da za ta taɓa a ranar. Ayar da bai samo mata mutum ko aiki ba, yakan bar ta ya ɗauki wata. Da dare ya ƙara layi ɗaya: me ya faru. Wani lokaci layin kan ce, "Na manta da ita tun kafin rana ta yi tsaka." Bai ɗauki wannan abin kunya ba, rubuta shi yake yi.

Ya kuma koyi abin da masu ɗokin littafin ba sa son ji: karin magana tana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya ne, ba takardar alkawari ba ce. Iyaye nawa suka riƙe 22:6, suka tarbiyyantar da yaro a hanya, yaron ya kauce, suka kwana suna tuhumar kansu ko suna tuhumar Allah? Yakan ce shi ya sa aka ajiye Ayuba da Mai-Wa'azi kusa da ita. Ayuba adali ne, ya rasa kome. Mai-Wa'azi 9:11 ta ce ba kullum mai gudu ke cin tsere ba. Kuma a Karin Magana 26:4 an ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, aya ta 5 da ke binta ta ce ka amsa masa. Wanda ya jera su ya san abin da yake yi. Ayoyin suna hannunka, amma sanin wacce ta dace da mutumin da ke gabanka a wannan sa'a, shi ne abin da Yakubu 1:5 ta ce a roƙa wurin Allah, mai bayarwa hannu sake ba gori.

In magana babba ta taso, ta aure, ko canjin aiki, ko ƙaura, ko kuɗi, yakan buɗe sabon shafi. Abu na farko, ya rubuta tambayar cikin jimla ɗaya. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Mutum zai zo ya yi awa guda yana bayani, in aka ce ya faɗi abin da yake so ya yanke cikin numfashi ɗaya sai ya kasa, domin tambayoyi uku ne a cuɗe: ko in bar aikin, ko in gaya wa maigidan gaskiya, ko in ci gaba da zama da fushin da nake ji. Kowacce amsarta daban.

Sannan ya duba ko Nassi ya riga ya yi magana. In ya yi, an gama. Ba a azumin kwana 3 a kan ko za a ƙara sifili a rasit, ko za a ci gaba da hira da matar wani a waya da tsakar dare. Addu'ar da ta rage a nan ta neman ƙarfin yin biyayya ce. Ya lura cewa yawancin masu cewa "ina jiran Ubangiji ya nuna mini" a irin waɗannan, jinkiri suke saye.

In Nassi bai yanke ba, sai lissafi. A nan ne ya fi daɗewa, a nan ne kuma masu ruhaniya suka fi yi masa gardama, wai lissafi rashin bangaskiya ne. Yakan kai su Luka 14:28, inda Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya ƙidaya abin da za ta ci. Tambayoyinsa ba su da ado: nawa ne daidai? Wace rana ake biya? In abin ya lalace, wa zai ɗauki asarar, kuma ya san zai ɗauka? Akwai hanyar komawa baya? Wannan ta ƙarshe ce ke nuna masa yawan lokacin da zai ba maganar. Yakan ce katako ana iya rage shi, amma wanda aka yanke ya gaza ba ya ƙaruwa. Shi ya sa awo ke cin lokaci fiye da yanka. Abin da za a iya warwarewa gobe, yanke shi yake yi nan take ya wuce, ba ya ɓata wa Allah da mutane lokaci a kan launin fenti. Abin da ba ya warwaruwa, sa hannu, ɗaurin aure, sayar da gado, kalmar da za ta raba zumunci, ba ya yanke shi a ranar da ya ji shi, ko da wa ya kawo. Duk wanda ya ce masa "sai yau, gobe an rufe", ya riga ya ba shi rabin amsa.

Akwai layin da yake rubutawa a ƙasan shafin wanda ba ya nuna wa kowa: me nake so, kuma don me? Yakubu 4:3 ta ce ana roƙo ba a samu domin ana roƙo da mugun nufi. Mutum na iya cewa hidimar Ubangiji ce ke kai shi wani gari alhali gudun wani yake yi. In an rubuta ainihin dalilin da tawada, wuyar ɓoye shi a cikin addu'a takan ƙaru.

Game da kwanciyar zuciya kuwa, wadda ta kai shi ga asara, bai jefar da ita ba, amma ya sauke ta daga kujerar alƙali. Yakan tuna wa mutane cewa Yunusa yana gudun umarnin Allah, jirgi na neman nutsewa, shi kuwa yana can ƙasa yana sharar barci. Zuciya takan kwanta don ta sami abin da take so. Ma'aunin da ya fi yarda da shi shi ne Yakubu 3:17, inda aka siffanta hikimar da ke saukowa daga sama: tsattsarka ce da fari, mai salama, mai sauƙin hali, mai sauraron magana, cike da jinƙai da kyawawan ayyuka, ba ta nuna bambanci, ba ta munafunci. Ayoyin da suka gabace ta sun nuna ɗayar, wadda kishi da sonkai ke tuƙawa. Sai ya ɗora shawararsa a kan jerin. Wadda ta fi kama mutane ita ce sauraron magana. In ka ji ranka na ɓaci duk lokacin da wani ya yi tambaya a kan abin da ka ce Allah ya nuna maka, akwai abin dubawa.

Shawara ɗaukar ɗaki ce, amma ba kowa ake kira ya kama ba. Mutum uku yake nema: wanda ya san Nassi, wanda ya san sana'ar ko harkar da ake magana a kai, da wanda abin zai faɗa wa in ya rushe. Na ukun nan kusan kullum matarsa ce, kuma ita ce farkon ji, ba ta ƙarshe ba. Fasto na iya zama mutumin Allah bai san kome game da yarjejeniyar haya ba. Akawu na iya sanin lissafi bai damu da ranka ba. Sharaɗi ɗaya ya hau kansu duka: kada a cikinsu a sami wanda zai ci riba da amsar. Kuma in biyu sun ce a'a, ba ya fita neman na huɗu da na biyar har sai ya sami mai cewa i. Wannan ita ce cutar Sarki Rehobowam, ɗan Sulemanu, a 1 Sarakuna 12. Ya nemi kwana 3, ya tambayi dattawan da suka yi wa mahaifinsa hidima, suka ce ya sassauta wa jama'a. Amsar ba ta yi masa daɗi ba, ya koma wurin samarin da suka tashi tare. A idon mai kallo ya bi ƙa'ida, ya jira, ya yi shawara. Kabila 10 suka ɓalle.

Wata rana wani saurayi, sabon aure, ya same shi a shago yana goge ƙofa. Ƙanin matarsa ne ke son ya tsaya masa a kan rance. Baba bai ɗaga kai daga aikin ba ya ce, "Nawa ne?" Yaron ya faɗa. "In ya gudu gobe, za ka iya biya ba ka sayar da abin da kuke ci da shi ba?" Yaron ya ce, "Baba, ba zai gudu ba." Baba ya ajiye abin gugar, ya share hannunsa a riga, ya ce, "Ɗana, ban tambaye ka halinsa ba. Aljihunka na tambaya." Shiru. Sai ya ce masa ya koma gida su zauna da matarsa, su fitar da abin da za su iya rasawa ba tare da gidansu ya girgiza ba, ko da kashi ɗaya cikin goma ne na abin da ake nema, su ba shi kyauta, su faɗa masa a fili cewa kyauta ce, takarda kuwa ba za su sa hannu ba. Zai ji haushi na wata ɗaya ko biyu. Bashin da ya faɗo kan suruki kuwa yakan raba dangi shekara da shekaru.

Kada a ɗauka wahala ce ta mai da shi marowaci. Ya san 1 Yahaya 3:17, kuma hannunsa a buɗe yake har ya tsufa. Bai ma ce lamuni haramun ne ba. Yahuza ya tsaya wa ƙanensa Biliyaminu, da lokaci ya yi kuma ya miƙa kansa a madadinsa. Bulus ya rubuta wa Filimon da hannunsa cewa duk abin da bawansa Onisimus ya ci a ɗora a kansa, zai biya. Dukansu sun san farashin, sun kuma shirya biya. Abin da Baba ya ƙi shi ne mutum ya yi alkawari da abin da ba shi da shi, ya kira shi ƙauna. Abokin nan nasa ma ya dawo bayan shekaru, a tsiyace. Baba ya yafe masa a gaban matarsa, ya ba shi aiki a sabon shagon da ya sake ginawa, ana biyansa kamar kowa. Ajiyar kuɗi dai bai taɓa ba shi ba. Wasu suka ce ashe gafarar ba ta cika ba. Ni ina ganin ta cika. Gafara kyauta ce, amana kuwa gina ta ake yi, kuma ɗora wa mutum nauyin da ya taɓa kayar da shi ba alheri ba ne.

Inda aka fi ganin hikimarsa yau da kullum shi ne a baki. Da aka naɗa shi dattijon ikkilisiya, ma'aurata da masu rigima suka riƙa zuwa. Ba ya yanke magana da jin gefe ɗaya, ko da mai kawo ƙarar na kuka, saboda Karin Magana 18:17 ta ce mai fara kawo ƙara shi ke da gaskiya har sai ɗayan ya zo ya yi masa tambayoyi. Zai saurara, ya yi addu'a da mutum, amma kalmar "lalle an zalunce ki" ba ta fita bakinsa sai ya ji mijin. Tambayarsa ta farko ga duk mai kawo ƙarar ɗan'uwa ita ce, "Ka same shi ku biyu?" Matiyu 18:15-17 ta jera abin dalla-dalla: kai da shi kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. Mu kuwa daga ƙarshe muke farawa, sai kowa ya ji, har a taron addu'a da sunan "mu sa shi a addu'a", kafin mai laifin ya san an yi fushi da shi.

Lokaci ma yana cikin abin da yake aunawa. Karin Magana 27:14 na ba shi dariya: wanda ya sa wa maƙwabcinsa albarka da babbar murya da sassafe, za a ɗauke ta la'ana. Magana mai kyau ce, sa'ar ce ba ta yi ba. A gidan makoki ba ya wa'azi. Yakan ce abokan Ayuba sun yi daidai kwana 7 da suka zauna shiru, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki. Da waya ta shigo hannun kowa, ya kafa wa kansa doka: saƙon da ya tayar masa da rai ba ya amsa shi a rubuce, kuma ba ya amsa shi da dare. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa har hotonta ake ɗauka a ajiye.

Ba kowace shawara ke ba da kwanaki ba, ya san haka. Yakan nuna Nehemiya, wanda sarkin Farisa ya tambaye shi abin da yake so, ya yi addu'a tsakanin tambaya da amsa, ya kuma faɗi abin da yake bukata har da wasiƙu da katako. Amma labarin Urushalima ya iso masa a watan Kisle, maganar da sarki kuwa a watan Nisan aka yi, wajen wata 4 ke nan yana addu'a yana shiri. Gajeriyar addu'ar ta yi aiki ne domin doguwar na bayanta.

Da sunansa ya fita, mutane suka fara zuwa suna cewa, "Baba, duk abin da ka ce shi zan yi." Wannan ya tsorata shi fiye da bashin da ya taɓa ci. Sulemanu ya roƙi zuciya mai ganewa a Gibeyon, aka ba shi. Ya yi karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005, amma a tsufansa matansa suka juyar da zuciyarsa ga gumaka. Ahitofel, mashawarcin Sarki Dawuda, wanda ake ɗaukar shawararsa kamar an tambayi Allah, ya ƙare da rataye kansa. Don haka Baba bai yarda ya zama bakin Allah ga kowa ba. Ban taɓa jin ya ce "Ubangiji ya gaya mini ka yi kaza" ba. Cewa yake yi, "Ga abin da na gani, ga ayar, je ka auna." Ko manzanni, in ji shi, sai da suka yi doguwar muhawara a Ayyukan Manzanni 15 kafin su rubuta cewa Ruhu Mai Tsarki da su sun ga ya dace. Yakan mayar da mutum ga Almasihu, wanda Kolosiyawa 2:3 ta ce dukan taskar hikima da sani a cikinsa take ɓoye, ya ba shi alƙalami ya ce ya buɗe nasa shafin.

Shagon ma bai jira ciwo ya ƙwace shi daga hannunsa ba. Tun idonsa na ganin layin awo ya karanta Fitowa 18, inda Yetro, surukin Musa, ya ce masa zai gajiyar da kansa da jama'a in bai raba aikin ba. Ya zaɓi ɗaya cikin yaransa, ba wanda ya fi gwaninta ba, wanda bai taɓa kama shi da ƙarya a kan kuɗin katako ba. Ya ba shi sayen kaya shekara guda yana duba rasit, shekara ta biyu ya ƙara masa karɓar aiki da yanka farashi. Sannan ya tara matarsa da 'ya'yansa da shaidu biyu, aka rubuta kowane inji da wanda zai gāje shi, da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da abin da shagon zai riƙa ba matarsa kowane wata. Aka karanta takardar da ƙarfi daga farko har ƙarshe, aka ba kowa mako guda ya kawo ƙorafi, kafin kowa ya sa hannu.